Rumfar da Na Miƙe a Summerfield

Zangona na farko a Greensboro ta Amurka falon Habu ne, kuma ban daɗe a cikinsa ba. Habu ɗan unguwarmu ne a Damagaram. Shi ya dame ni da saƙo cewa in zo, Turawa suna neman kayan fata kamar su yi hauka. Ni kuwa baduku ne ɗan baduku, da basilla a hannu na buɗe ido. Na ɗinka jakunkuna da takalma da matasan kai, na cika akwati biyu, na sauka a ƙarshen shekarar 2004. Mako uku ina kwana a kan kujerarsa, sai wata safiya ya ɗora akwatunan a mota, ya ce zai kai su wata kasuwa a Atlanta, jibi zai dawo. Har yau jibin Habu bai yi ba. Da wata ya ƙare mai gidan ya zo ya canja makulli, ya miƙo mini butata da dardumata a bakin ƙofa. Abin da ya rage mini na sana'a basilla ɗaya ce da ƙullin zare, su ma don suna cikin aljihun rigar sanyina ne.

Daga nan na koma ɗakin ajiya na wani shagon kayan abincin Afirka. Da rana in sauke kwalaye, in an rufe in shimfiɗa kwali tsakanin buhunan shinkafa. Na kusa shekara a haka. Ba yunwa ce ta fi damuna ba, rashin wanda zan yi hira da shi ne. Ranar Juma'a nakan ga 'yan ƙasarmu a masallaci, a gaisa da hannu biyu, a tambayi mutanen gida, amma kafin ka gama amsawa mutum ya duba agogo ya nufi motarsa. Ban ga laifinsu ba, kowa aiki biyu yake yi. Sai dai nakan koma shago da maganar mako guda cike a bakina ban sauke ta ba.

Wata rana ina jera kuka a kan kanta, ina mita ni kaɗai cewa wannan kukar ta girmi mai shagon, sai na ji wata murya a bayana.

"Malam, in ba ta yi maka ba ka koma Nijar ka tsinko sabuwa mana."

Na juya na ga wata mata gajera mai faɗi, sanye da rigar masu jinya, tana dariya har da riƙe ƙugu. Anti Rifkatu ke nan, 'yar Filato, Kirista, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ce daga jin Hausata ta san inda na fito. Ba ta bar shagon ba sai da ta tatse ni labarina kaf, kuma bayan mako biyu ta dawo ta ce in ɗauko kayana. Akwai wani tsoho mai gona a Summerfield, can bayan gari, Mista Harold, ita ta yi jinyar matarsa Betty har ta rasu. Yana da dawaki huɗu da gwiwoyi biyu da suka gaji, yana neman mai taimako, kuma akwai wurin kwana.

Wurin kwanan ɗaki ne mai taya, irin wanda Turawa suke ja da mota su tafi hutu, suna ce masa kamfa. An ajiye shi a bayan bargar dawaki, ciyawa har ta rufe rabin tayoyinsa. Ciki akwai gado, da murhu, da ɗan banɗaki wanda in ka sunkuya alwala sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Na rufe ƙofar na zauna a bakin gadon, na daɗe ina kallon makullin a tafin hannuna. Tun da na shigo ƙasar ban taɓa samun ƙofar da ni nake rufe ta ba. Da na kira innata a ƙarshen mako na gaya mata na samu gida, ban ji na yi mata ƙarya ba.

Da sanyi ya wuce, Mista Harold ya zo da wata sanda mai ƙugiya ya jawo wata igiya a jikin kamfar, sai ga rumfa ta warware. Tamfol ne mai ratsin kore da fari, naɗe a kan dogon bututu, ƙafafu biyu na ƙarfe mara nauyi suna riƙe da shi. Ya kafa ƙafafun, ya ɗauko kujeru biyu, ya zauna a ɗaya ya nuna mini ɗayar. Tun daga ranar, duk yamma in mun gama da dawaki nan muke zama, shi da kofinsa, ni da ɗan shayina. Turancina bai taka kara ya karya ba, shi kuma dama ba mai surutu ba ne. Wani lokaci ya kawo tsohuwar taswira ya nuna mini inda suka je da Betty a cikin wannan kamfar, ya sa yatsa a bakin teku ko a kan dutse. Ba na jin muna yin kalma ashirin a rana. Duk da haka a Amurka babu wanda ya zauna da ni kamar wannan tsohon, kuma na so shi.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai. Rumfar a karkace take. Ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta da taƙi guda, ko makaho ya shafa zai gane. A garinmu rumfa mutuncin ƙofar gida ce. Ubana yakan tsaya a tsakiyar titi ya rufe ido ɗaya ya auna tamu, in ya ga ta sunkuya ko da yatsa biyu ne, ranar babu mai shan fura sai an miƙe ta. In mutane suka ga rumfa a karkace, cewa suke yi gidan babu namiji. Ga shi kuma duk ruwan da aka yi sai ya kwararo ta wannan kusurwar ta hagu ya haƙa rami a ƙasa, ni kuma na ɗora laifin ramin a kan karkacewar. Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙarfin tsoho ne ya ƙare, ba ya iya ɗaga ƙafar ta kai inda ya kamata.

Ban tambaye shi ba. Mu ba a haka aka raine mu ba. Ba ka nuna wa dattijo gazawarsa, ba ka tambayarsa me ya sa abinsa ya lalace. Jira kake ya ba da baya ka gyara, in ya dawo ya gani ya yi kamar bai gani ba, kai ma ka yi kamar ba kai ba ne. To Mista Harold bai taɓa ba da baya ba, kullum yana gida. Na haƙura wata biyar ina shan shayi a ƙarƙashin karkatacciyar rumfa, ina kawar da ido.

A cikin watan Agusta, wata safiya bai fito ba. Na ba dawaki abinci, na jira, na je na leƙa ta tagar kicin, na gan shi kwance a ƙasa. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Washegari 'yarsa Karen ta iso daga cikin gari. Dama ba ta taɓa kama sunana ba, in tana magana da ubanta mutumin dawaki take ce mini. Ta tsaya a bakin barga ta yi mini bayani a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, don kada in ce ban gane ba. Ita da so samu ne a sayar da gonar. Amma ubanta ne mai wuri, in ya warke ya dawo shi zai faɗi abin da za a yi da ni. Kafin nan in ci gaba da kula da dawaki, in zauna a kamfar. In kuwa ta ga ko ƙusa ta lalace, to ranar zan tattara.

Na ji ta sarai. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, ga tsoho ya ba da baya. Ranar Alhamis na ɗaure dutse a zare na auna, na ɗaga ƙafar hagu har ta yi daidai da 'yar'uwarta, na ja tamfol ɗin ya ɗame kamar fatar ganga. Na koma nesa na rufe ido ɗaya na duba. Wallahi ta yi kyau. Har na hango shi a raina ya sauko daga mota da sandarsa, ya ɗaga kai, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar Juma'a wani ɗan tasi mutumin Maraɗi ya biyo ya kai ni masallaci. Liman yana cikin huɗuba aka tsuge da ruwa, irin na ƙasar nan da yake zuba kamar an kifar da randa. Har ina murna a raina, ina cewa yau dai ramin nan zai huta. Da aka sauke ni bayan la'asar, tun daga bakin hanya na ga abin da ya faru. Ruwan bai samu hanyar fita ba, sai ya taru a tsakiya. Tamfol ɗin ya yi tumbi ya sauko har kusa da kan kujeru, bututun ya lanƙwasa, ƙafafun suna rawa. Da ina da hankali a lokacin, da ƙafa ɗaya zan sassauta a hankali ruwan ya tsiyaye. Sai na ɗauko tsintsiya mai doguwar sanda na shiga ƙarƙashi na tokare tumbin da ƙarfi. Ruwan ya gangara gefe guda gaba ɗaya, ƙafar dama ta karye gwiwa, tamfol ɗin ya yage daga bakin ɗinki, tsawon hannuna har kafaɗa. Duk abin da ya taru ya sauka a kaina.

Na zauna a kan matakalar kamfar, babbar rigata ta Juma'a tana ɗiga, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Habu ya gudu. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba. Na san buhunan shinkafa suna nan inda na bar su. Kuma kunya ta ishe ni, mutum yana kwance a asibiti ni kuma na yaga masa abin da matarsa ta bari.

Tsoron ne ya sa na ƙara wata wautar. Na tura ƙafar da ta lanƙwashe da ƙarfin tsiya, na naɗe rumfar jiƙe sharkaf don kada Karen ta gani. Ta zo ranar Lahadi ta zagaya ta tafi, ba ta ɗaga kai ba. Da na warware bayan kwana biyar, wari ne ya fara yi mini sallama. Fumfuna ta bi farin ratsin nan duka ta yi masa baƙin ɗigo-ɗigo. A nan na haƙura da girman kai na kira Anti Rifkatu.

Ta zo daga wurin aiki ko gida ba ta biya ba. Ta zagaya rumfar sau biyu tana kama baki, na gaya mata yadda aka yi tun daga zare da dutse. Sai ta zauna a kujerar Mista Harold ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ga fuskata ta daina.

"Malam Lawali, wa ya aike ka? Ai da gangan ake sauke ƙafa ɗaya don ruwa ya samu hanya. Betty ce ma ta koya wa mijin. Nan ba garinku ba ne da ake rumfar zana don rana, ruwa ya bi ta cikinta ya wuce. Me ya hana ka tambaye shi?"

Na ce mata ai ba a tambayar babba irin wannan.

"A gida ke nan," in ji ta. "A nan in ba ka yi tambaya ba, kai za ka kwana a waje. Yanzu dai tashi, wikend ɗin nan ba ni da aiki, zan kawo maka abin wanki."

Gyaran ya ci mini kusan mako uku, don sai na gama da dawaki nake samun kaina. Na fara da wanki: sabulu, ruwan ɗumi, ɗan bilic mai cire tabo kaɗan, da burushi mai laushi na goge dawaki. Na bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye, na bar shi a buɗe kwana biyu rana ta dake shi ciki da waje. Ƙafar da ta lanƙwashe na cire ta na saƙala tsakanin turakun shinge biyu, na sa katako a gwiwar, ina dannawa kaɗan-kaɗan, don irin wannan ƙarfen in ka matsa masa lokaci ɗaya tsinkewa yake yi. Bututun ma haka na lallaɓa shi. Ba su koma kamar sababbi ba, amma sai wanda ya sani zai gane.

Yagewar kuwa, nan ne na ce an zo gidana. Na samu wani koren tamfol da ake rufe ciyawa da shi, na yanko ƙyalle biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na zagaye kusurwoyinsu don kada iska ta samu bakin kamawa. Na ciro basillata, na shafa wa zare kakin kyandir, na hau kan tsani. Yamma huɗu ina ɗinki, layi biyu, taku daidai da taku, irin wanda ubana yake yi wa sirdi. Rabona da riƙe basilla kusan shekara biyu, amma hannun bai manta ba. Da na gama na tsaya ina yaba kaina, na jawo tiyo na watsa ruwa a sama don gwaji. Kowane ramin basilla sai da ya ɗigo. Layi biyu na ɗigo, a jere, daidai da daidai, ko a nan aikina bai karkace ba.

Anti Rifkatu ce ta sake fitar da ni. Ta je shagon masu sayar da kayan kamfa ta yi tambayar da ni ba zan iya ba, ta kawo wani gam da ake shafawa a kan ɗinki da wani faffaɗan salatif mai kauri. Na goge wurin ya bushe ƙayau, na bi ramukan da gam, na manna salatif ɗin ciki da waje, ina murza shi da bayan cokali har iska ta fita. Sannan na kama ƙafar hagu da hannuna na sauke ta taƙi guda. Ramin da ke ƙasan kusurwar na cika shi da tsakuwa. Ruwan da aka yi bayan nan a ƙarƙashinta na tsaya tun daga farko har ƙarshe, kaina a sama. Ruwa ya bi gangara ya sauka ta hagu, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Daga ranar ban ƙara barin gonar rumfa tana buɗe ba, kuma ban ƙara naɗe ta da danshi ba, ko da zan makara.

Azumi ya kama a ƙarshen Satumba. A ƙarƙashin rumfar nake shan ruwa, ni kaɗai, da dabino uku da abin da na dafa. Babu kiran salla, sai in duba takardar lokuta da aka raba a masallaci in duba agogo. Kujerar tsohon tana nan a wurinta, kullum nakan kakkaɓe ta. Wata rana mota takan rage gudu a bakin hanya in miƙe tsaye, sai in ga mai kawo wasiƙu ne. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan azumin ba. Akwai ranakun da in ban da salla da sunayen dawaki, bakina bai furta komai ba.

Abin da na riƙe shi ne, in na samu na gaya wa Mista Harold da bakina kafin 'yarsa ta gano, zai ce in zauna. Na san shi. Anti Rifkatu ta rubuta mini maganar da Turanci a bayan wata ambulan: na taɓa rumfarka ban tambaye ka ba, ruwa ya yaga ta, na gyara, ka yi haƙuri. Layi huɗu ne. Na haddace su kamar karatun allo, ina maimaita wa dawaki safe da yamma, har tsohuwar goɗiyar nan in na fara sai ta juya mini baya.

Bayan Sallah aka ce an mai da Mista Harold wani gidan jinyar tsofaffi, ana iya zuwa dubiya. Anti Rifkatu ta kai ni ranar Asabar, ta ce za ta jira a mota. Na sa rigata mai kyau. A barandar ɗakinsa na ci karo da Karen tana fitowa. Ta ce gara da ta gan ni, dama tana shirin zuwa. Likitoci sun ce ubanta ba zai koma gida ba. An sayar da gonar, dawaki za su tafi wurin wani maƙwabci. Kamfar ma ta samu mai saye, wasu mutane ne daga Virginia, sun zo sun duba wata Juma'a ba na nan. Ta ce mutumin har ya warware rumfar, ya ga wani faci ya ce wanda ya yi shi ya san aikinsa, ita kuma ta ce masa wataƙila mamanta ce. Nan da mako biyu za su zo su ja abinsu. Ta ce ta gode da ƙoƙarina, ta gyara jakarta a kafaɗa ta wuce.

Na daɗe a tsaye kafin in tura ƙofar. Mista Harold yana zaune a keken marasa lafiya a bakin taga, ya ƙanƙance, ɓarin fuskarsa ɗaya ya zube. Ya bi ni da ido har na durƙusa a gabansa. Na buɗe baki in fara layin farko, na neme shi na rasa. Duka huɗun sun tafi.

"Baba," na ce masa da Hausa, "na yi maka ɓarna, ka yafe mini."

Daga nan ban iya tsayawa ba. Na gaya masa zare da dutse, da tsintsiya, da fumfuna, da ɗinkin da ya ɗiga. Na gaya masa yadda ubana yake rufe ido ɗaya a tsakiyar titi. Na ba shi labarin Habu da buhunan shinkafa, da innata da take gaya wa maƙwabta ɗanta ya yi gida a Amurka. Na gaya masa nan da mako biyu ban san inda zan kwana ba. Ko kalma ɗaya ba ya ji, ni ma na san ba ya ji. Ina tsakiyar magana ya ɗago hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna ya riƙe, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Na ci gaba a haka, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Wata nas ce ta shigo da tiren abinci. Ta ce lokacin cin abincinsa ya yi, dangi kaɗai ake bari su zauna. Ta tambaye ni ko ni ɗan'uwansa ne. Na ce a'a, mai kula masa da dawaki ne. Ta ce to sai wani jiƙon.

Na miƙe, bai sake ni ba. Na ja hannuna a hankali, ya ƙara damƙewa. Sai da nas ɗin ta ajiye tiren, ta zo ta ɓamɓare yatsunsa daga hannuna ɗaya bayan ɗaya.